Motar da Ke Durƙusawa da Magariba

Magariba ta kawo kai, ana jin kiran salla daga can nesa, Maman Auta tana tsakar gida tana kwashe shanya, sai ta ji motar ta yi ajiyar zuciya. Ba ta san wani suna da za ta ba sautin ba in ba wannan ba. Wani dogon fsssss ne, irin na tsohuwar da ta yini a tsaye sai yanzu ta samu kujera. Ta waiga, zanin gado rataye a kafaɗarta. A kan idonta bayan motar ya yi ƙasa a hankali, a hankali, har ƙarfen ya rufe rabin tayoyin baya, motar ta durƙusa ta yi shiru.

Babu kowa a ciki. Gilasai a rufe, ƙofofi a kulle, mabuɗin yana aljihun maigidan.

"Baban Auta," ta kira, murya ƙasa-ƙasa. "Fito ka ga gimbiyarka ta zauna."

Maigidan bakanike ne, kuma tsakar gidan nan ita ce garejinsa. Motar kuwa tsohuwa ce da ya tsinto a wajen masu sayar da ƙarafa, ya yi shekaru yana tayar da ita daga matattu. Ba ta da sifirin, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin jiki a kan tayoyi, irin na sauran motoci. Wani koren mai ne ke ɗauke da ita: in an tayar da inji famfo ya tura man cikin bututu, sai ta miƙe tsaye kamar mai shirin gaisawa da baƙo. In an kashe, takan yini cur a tsaye kafin ta fara sassautowa kaɗan-kaɗan. Wannan halinta ne, kowa a gidan ya sani. Amma yau ko shayin da ya sha bayan ya kashe ta bai gama sauka cikinsa ba.

Ya fito da buta a hannu, ya ajiye butar, ya manta da alwala. Ya zagaya motar yana jan hanci, shuu, shuu, yadda ya saba in abu ya ɗaure masa kai. Ya shafa bayanta da tafin hannu.

"Haba gimbiyata, me ke damunki? Faɗa wa Baba."

Maman Auta ta taɓe baki ta shige ɗaki. Ita kam tun da aka kawo ta gidan nan tana amarya ba ta taɓa jin ya tambaye ta abin da ke damunta da irin wannan murya ba.

Gidan kuwa, sai wanda ya gani. Babu abin da hannun maigidan bai bar wa tambari ba. Baƙin mai a kan ƙofa, baƙin mai a bakin kofi, sawun yatsu biyar a matashin kai, har sabulun wanka in ka ɗauka sai ka fara wanke shi kafin ya wanke ka. A bayan kicin akwai tsohuwar rijiyar da ta ƙafe tun kafin su tare, nan yake juye duk abin da ya tsiyayo daga cikin motoci: ruɓaɓɓen mai, ruwan batir, tsummokara masu danƙo, tsofaffin matatai. In rana ta take, warin yakan taso ya zauna a maƙogwaro kamar an haɗiyi tsumma. Ta yi magana har bakinta ya gaji. Amsarsa ɗaya ce kullum: rami ne, ai don a zuba abu aka yi rami.

Wuri ɗaya tak ne mai tsabta a gidan, shi ne cikin motar. Ba a shiga da takalmi, ba a cin komai a ciki. Kujerun an lulluɓe su da farin yadi, ana goge ta safe da yamma da tawul ɗin da Maman Auta ta ɓoye a ƙasan akwati don baƙi, ya bincike ya ɗauke.

Washegari ya duƙufa. Ya share ƙarƙashin motar, ya shimfiɗa sabon kwali, ya ce in akwai inda take yoyo, ɗigon zai nuna kansa. Ya tayar da ita ta miƙe, ya ja layi da alli a jikin bango daidai tsayin bayanta, ya kashe. Ta yini a kan layin, ko motsi. Rana tana faɗuwa, fsssss, ta durƙusa. Ya jawo kwalin yana haska shi da tocila: fari fat, ko ɗigo ɗaya babu.

"To ba waje take zubarwa ba," ya ce da matarsa, ko da yake ba ta tambaye shi ba. "Ciki ne. Man yana sulalewa ta wani bawul yana komawa tanki."

Ya cire bututun da man ke komawa ta ciki, ya zura bakinsa a cikin kwalba, don ya ga ko zai ɗiga. Magariba ta yi, motar ta durƙusa, kwalbar a bushe. Ya canza bawul ɗin da ke daidaita tsayi. Ya canza robobi. Ya kwance wasu ƙwallayen ƙarfe na baya masu riƙe matsin man, ya kai aka gwada, aka ce lafiyarsu lau, duk da haka ya sa wasu. Kuma duk sanda ya kwance wani abu sai ya tsiyaye man gaba ɗaya, da ɗuminsa, ya ɗauki bokiti ya nufi bayan kicin, ya juye a rijiya. Kwal-kwal-kwal. Maman Auta tana tsaye a kan tukunya, tana toshe hanci da bakin mayafi.

A cikin kwanakin nan ne aka fara jifa. Da an idar da sallar magariba sai a ji ƙwal a kan kwano, can kuma ƙwal, abin ya gangaro ya faɗo tsakar gida. Ba duwatsu ba ne. Notuna ne da kusoshi, baƙaƙe, masu yauƙi, in ka ɗauka da ɗumi kamar yanzu aka tofo su daga baki. Maigidan ya juya ɗaya a tafin hannunsa, ya ce yaran unguwa ne, ya jefa shi cikin gwangwanin notunansa, wai zai yi amfani.

Sai ruwan sha ya lalace. Maman Auta ta buɗe randa da safe ta tarar da wani kore-kore yana yawo a sama, yana ƙyalli. Ta zubar, ta wanke randar da toka, ta cika, ta rufe da faranti ta ɗora dutse. Da yamma ta ɗebo ta kai baki, wani santsi ya shafi leɓenta. Ta ruga bayan gida ta yi ta kakari har idanunta suka yi ja. Da ta ɗago, sai ta ji ana taya ta. Daga wajen motar ne, daga bayan rufaffen gilas, wata murya ta tsohuwa tana kakarin amai, sannan ta tofar: tuf! tuf!

Ta gaya masa. Ya ce iska ce ta shiga bututu, haka take ƙara.

Auta ce kaɗai ta rage musu a gida, yayyenta duk sun kama gabansu. Yarinya ce mai shiru-shiru, ba ta kai sha huɗu ba, mai kunne kamar na kyanwa. In cokali ya faɗi a gidan maƙwabta sai ta faɗi ko babba ne ko ƙarami. Wannan baiwar ce ta ja mata. Ranar nan da la'asar sakaliya, uban ya fito daga ƙarƙashin motar yana zufa, ya dube ta ya yi murmushi.

"Auta, zo. Kunnena ya tsufa. Ki shiga baya ki zauna, in ta fara sauka ki saurara ki gaya mini ta wane gefe sautin yake fitowa, dama ko hagu."

"Da magaribar nan?" in ji uwar. "Ka bar yarinya ta shiga ɗaki."

"Ai da magariba take yi. In sa ta da hantsi ta ji me?"

Ya sa ta cire takalmi, ya buɗe mata, ya rufe. Maman Auta ta tsaya a bakin kicin da ludayi a hannu. Hasken ya yi ja, ya yi toka-toka. Tsuntsayen da ke kan waya suka yi tsit. Ta cikin gilas tana hango ƙeyar yarinyar, ta karkatar da kai tana saurare. Sai fsssss, motar ta yi ƙasa, wannan karon da ƙarfi, har ƙarfe ya daki ƙasa.

"Dama ko hagu?" uban ya yi ihu daga ƙarƙashi.

Shiru.

Da uwar ta fizge ƙofar, Auta tana zaune ƙiƙam, ta ɗaga hannaye sama kamar mai gudun kada ta taɓa wani abu, hancinta a tattare. Ta dubi uwarta daga sama har ƙasa da wasu idanu da ba nata ba. Sannan ta buɗe baki, wani koren ruwa mai yauƙi ya zubo a kan farin yadin.

Abin da uban ya fara cewa shi ne, "Kujerar!"

Daga ranar Auta ba ta ƙara cin komai ba. In an kawo abinci sai ta sunsuna ta kau da kai ta tofar. Ba ta yarda ta kwanta a katifa, ba ta yarda a taɓa ta. Tana tsugune a tsakiyar ɗaki a kan yatsun ƙafa, ta tattare zani, tana bin bango da kallon ƙyama. Jikinta yana tashin warin rijiyar nan, ko an yi mata wanka. In magariba ta yi sai ta fara magana da kanta cikin muryar tsohuwa. An kai ta asibiti, aka auna, aka ƙara mata ruwa, aka ce ba a ga komai ba. Wuyanta ya zama siriri, idanun suka faɗa. Motar kuwa tun daga ranar ta daina durƙusawa, tana tsaye a kan layin alli har gari ya waye. Maigidan ya shigo yana murna, wai ashe bawul ɗin ƙarshe da ya sa ne ya zauna daidai.

Maman Auta ta yafa mayafi ta tafi ta kira Malam.

Malam dattijo ne ɗan ƙarami, mai farar riga, wanda aka sani da yi wa masu irin wannan larura karatu. Ya iso ana gab da faɗuwar rana. Tun daga ƙofar gida ya tattare rigarsa zuwa gwiwa, yana tsallake tafkunan mai ɗaya bayan ɗaya kamar zalɓe. A ɗaki ya duba inda zai zauna, ya duba, ya sake dubawa, daga ƙarshe ya zaro nasa ɗan dardumar daga jaka. Kunya ta kama Maman Auta har ta ji kamar ƙasa ta tsage.

Ya sa uwar ta zauna a bayan yarinyar, uban a bakin ƙofa. Ya fara karatu a hankali, murya ba hawa ba sauka. Ɗakin ya yi duhu, ba wanda ya tashi ya kunna fitila. Notuna suka fara sauka a kan kwano, ƙwal, ƙwal, sannan kamar ruwan ƙanƙara. Malam bai ɗaga kai ba. Auta ta fara rawar jiki, ta toshe kunnuwa, ta yi wata ƙara mai kama da tsagewar yadi. Sai jifan ya tsaya cak.

"Ya isa, dattijo," in ji muryar tsohuwa daga bakin yarinyar. "Kai kaɗai ne mai wanki a ɗakin nan, don haka zan amsa maka."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciyarsu. Tun ba a aza tubalin gidan nan ba nake cikin rijiyar can. Mai sanyi, mai farin yashi, ko ƙuda ba ya shiga. Sai ga wannan." Yarinyar ta nuna uban da leɓe. "Tir! Shekara da shekaru yana juye mini ƙazanta a ka. Ina barci, kwal-kwal-kwal. Ina cin abinci, kwal-kwal-kwal. Gashina ya danƙare, shimfiɗata ta ruɓe. Na haƙura, na ce ɗan Adam ne, ƙazanta a jininsa take. Da abin ya kai mini wuya na fito neman inda zan ɗan zauna da yamma in sha iska. Na zagaye gidan nan kaf. Ɗaki? Tuf! Kicin? Tuf! Sai cikin motar."

"Shi ya sa take durƙusawa," Malam ya ce.

"To da me? Ni ba ƙaramar mace ba ce. Ina zama sai ya zo yana shafa bayan motar." Nan take fuskar Auta ta sauya, ta ja hanci, shuu, shuu, muryar uban ta fito daga bakinta sak, har da 'yar rawar da take yi in yana lallashi: "Haba gimbiyata, me ke damunki? Faɗa wa Baba."

Da a wani lokacin ne, da Maman Auta ta yi dariya har ta faɗi. Maigidan ya sunkuyar da kai yana murza baƙaƙen yatsunsa.

"Kuma duk gyaran da ya yi," muryar tsohuwar ta dawo, "sai ya ƙara mini bokiti, da zafinsa. Ban ce komai ba sai ɗan jifa. Rannan ina zaune lafiya, ya buɗe ƙofa ya ɗora mini yarinya a cinya. A cinya, dattijo! Na ce to, tunda an ba ni, na karɓa."

"Ba a ba ki ba. Yarinya ba ta zuba miki komai ba. An zalunce ki, ke ma kin yi zalunci. Ki fita."

"In fita in je ina? Kana tsammani daɗi nake ji a nan? Jikin mutum, gumi, majina, ciki yana ƙugi dare da rana. Amma ya fi rijiyar."

Malam ya ci gaba da karatu, ya ɗaga murya. Yarinyar ta gantsare, uwar ta riƙe ta, tana jin ƙasusuwan bayanta a tafin hannu kamar na ɗan tsako. Koren ruwa ya fara gangarowa ta gefen bakinta.

"Tsaya! Tsaya, mu yi magana. A kwashe mini rijiyata. Shi zai kwashe, da hannunsa, ba ɗan ƙwadago ba. Har sai farin yashi ya fito."

"Wannan haƙƙin maƙwabtaka ne, zai yi," in ji Malam. "Amma ki sani, ba za a yanka miki komai ba, ba za a zuba miki jini ba."

"Jini? Tuf! Ƙazantar gidan nan ba ta isa ba sai an ƙara mini da jini? Ka riƙe abinka." Idanun suka juya suka tsaya a kan uban. "Saura ɗaya. Kafin ya gama, a ba ni motar in zauna. Ba mai tayar da ita, ba mai buɗe ta, ba mai shafa ta. In an yarda, yanzu in sakar muku 'yarku."

Malam ya juya ya dubi maigidan. Maman Auta ma ta dube shi. A ɗakin ba a jin komai sai numfashin yarinyar, yana fita da ƙyar, yana wata ƙara kamar tsohon famfo. Maigidan ya ja hanci. Hannunsa ya tafi kan aljihu ya dafe.

"Har... har zuwa yaushe ke nan?" ya ce. "Don in ta daɗe a durƙushe ba a tayar ba, robobin bushewa za su yi."

Maman Auta ta sha warin rijiya, ta sha ruwan randa mai santsi, ta goge koren amai da hannunta, amma ba ta taɓa jin zuciyarta ta tashi irin na wannan lokacin ba. Ta kwantar da yarinyar a jikin bango, ta miƙe, ta taka har bakin ƙofa. Ba ta dubi fuskarsa ba. Ta ture hannunsa, ta zura nata cikin aljihun mai danƙo, ta zaro mabuɗin ta ajiye a gaban dardumar Malam. Sannan ta goge yatsunta a bango.

"An ba ki," ta ce. "Sakar mini 'yata."

Malam ya sa tsohuwar ta yi alkawari da sunan Allah cewa ba za ta dawo jikin yarinyar ba, ya ce ta fita ta ɗan yatsan ƙafa. Ƙafar Auta ta hagu ta miƙe, ta yi karkarwa, ƙaramin yatsan ya yi wani ƙas. Yarinyar ta yi atishawa, ta sulale a cinyar uwarta. A waje, cikin duhun tsakar gida, motar ta yi doguwar ajiyar zuciya ta zauna.

"Mama," in ji Auta da muryarta, siririya. "Ƙishirwa."

Kwashe rijiyar ya ɗauki maigidan makonni. Da igiya yake sauka, da bokiti yake fitowa, baƙi ƙirin tun daga gashi har tafin ƙafa, idanu kawai ke fari. Abin da ya fito daga ramin nan ba ya faɗuwa: laka mai wari kamar mushe, tsummokaran da suka zama kamar hanji, ɓeraye da suka narke suka bar gashi. Yakan fito ya durƙusa ya yi amai, ya koma. Ana loda ƙazantar a durom ana kaiwa inda ake karɓar tsohon mai. Maman Auta ta hana shi shiga ɗaki sai ya yi wanka sau biyu a waje, ta ware masa kofinsa da kwanonsa. Motar tana durƙushe, ƙura ta rufe ta, in ya wuce sai ya kau da kai kamar mai wuce kabari.

Ranar da farin yashi ya fito, da magariba, suna zaune a tsakar gida su uku, sai suka ji ƙarfe yana miƙa. Ba a tayar da inji ba, mabuɗin ma yana wajen Malam. Motar ta ɗago bayanta a hankali ta tsaya. Wata iska mai sanyi ta wuce ta gabansu ta nufi bayan kicin, daga nan shiru.

Maigidan ya zabura zai tashi. Auta, wadda ta fara mayar da kumatu, tana zaune a jikin uwarta ana taje mata kai, ta ce, "Baba."

Ya tsaya.

"Ranar nan fa ina jin komai. Kamar daga ƙasan ruwa, amma ina ji." Ta ɗago ta dube shi, babu fushi a fuskarta, tambaya ce kawai. "Da ka ce robobin za su bushe ɗin, in da Mama ba ta ɗauki mabuɗin ba, me za ka ce?"

Ya dubi matarsa, ko za ta ce yarinya ta yi shiru, ko za ta ce ai Baba ruɗewa ya yi. Maman Auta ta raba gashin gida biyu, ta ci gaba da tajewa a hankali, tana jira ta ji amsar ita ma.